Wa ke riƙe da Hong Kong tsakanin 1984 da 1997?

Wani mai karatu daga Kaduna ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne. Na karanta cewa tun a 1984 Birtaniya ta sa hannu a kan za ta miƙa Hong Kong ga ƙasar Sin, amma ba a miƙa ba sai a 1997. To a tsawon waɗannan shekaru wa ke da iko a zahiri, gwamnan Turawa ko Beijing? Yaya aka yi kasuwanci bai durƙushe ba alhali kowa ya san Turawa tafiya za su yi? Kuma me ya hana a ba su 'yancin kai kamar yadda aka ba mu a 1960? Allah ya ƙara ilimi."

Wa alaikumus salam, ɗalibi, amin. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne yadda ake tafiyar da ƙasa wadda aka riga aka yanka wa masu mulkinta ranar tafiya, kuma wanda zai gaje su yana zaune a maƙwabta yana kallo. Amsar a taƙaice ita ce, a takarda gwamnan Birtaniya ne ke da cikakken iko har zuwa ƙarfe goma sha biyun daren 30 ga Yuni, 1997, amma a aikace ikonsa ya tsaya ne a kan abin da zai ƙare kafin wannan rana. Duk wani bashi, ko kwangila, ko doka, ko naɗi da wa'adinsa zai ƙetare 1997, sai da yardar Beijing yake da daraja a idon masu zuba jari, kuma kowace shekara ta wuce irin waɗannan abubuwa ƙaruwa suke yi. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce za ta buɗe sauran.

Dalilin da ya sa ba a yi maganar 'yancin kai ba

Birtaniya ba ta samu Hong Kong a lokaci ɗaya ba. Tsibirin kansa an sallama mata shi ne har abada a yarjejeniyar Nanjing ta 1842, bayan yaƙin farko da aka yi a kan cinikin ƙwayar ofiyam. A 1860 aka ƙara mata bakin yankin Kowloon, shi ma har abada. Kashi na uku, wanda ake kira Sabbin Yankuna, haya ce ta shekara 99 da ta fara a ranar 1 ga Yuli, 1898, kuma wannan kashi na haya shi ne kusan tara bisa goma na faɗin ƙasar duka. A can madatsun ruwa suke, da sabbin garuruwan da aka zuba miliyoyin mutane, da yawancin masana'antu, da tashar kwantenoni. Tun 1965 kuma ake jawo ruwan sha daga kogin Dongjiang da ke cikin ƙasar Sin, haka abincin yau da kullum yawancinsa daga can yake zuwa. Lamarin ya yi kama da mutumin da ɗaki ɗaya ne mallakinsa a gida, amma rijiya da madafa da ƙofar shiga duk na haya ne. Ranar da haya ta ƙare, takardar ɗakin ba za ta shayar da shi ruwa ba.

Baya ga haka, gwamnatin Sin ba ta taɓa amincewa da waɗannan yarjejeniyoyi uku ba, tana ɗaukarsu a matsayin abin da aka ƙwata da bakin bindiga. Da ta karɓi kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971, cikin abubuwan farko da ta yi akwai neman a cire Hong Kong da Macau daga jerin yankunan mulkin mallaka da ake jiran su samu 'yancin kai, aka kuma cire su a 1972. Wannan mataki bai ja hankalin jama'a sosai ba a lokacin, amma shi ne ya rufe ƙofar da kake tambaya a kai. Kwatanta da abin da ya faru a nan kusa da mu: a Fabrairun 1961 an yi ƙuri'ar raba gardama a Kamarun da ke hannun Birtaniya, mutanen arewa suka zaɓi Najeriya, yankinsu ya zama Lardin Sardauna, na kudu kuma suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ko da zaɓin da aka ba su taƙaitacce ne, an dai tambaye su. Mutanen Hong Kong ba a tambaye su ba, kuma da aka zo teburin shawara Beijing ta ƙi yarda a ba su kujera ta uku, ta ce magana ce tsakanin ƙasashe biyu masu cin gashin kansu. Gwamna Edward Youde ya zauna a tattaunawar ne a matsayin ɗan tawagar Birtaniya kawai.

Bankuna ne suka fara tayar da maganar

Abin da nake fara nuna wa ɗalibaina a aji shi ne takardar hayar fili ta Sabbin Yankuna, domin a nan ƙullin ya fara bayyana. Gwamnatin mulkin mallaka ita ce mai ƙasa, ita ke ba jama'a haya, kuma duk hayar da ta bayar a wancan yanki an rubuta cewa za ta ƙare kwana uku kafin tata hayar ta ƙare, wato 27 ga Yuni, 1997. Bashin sayen gida kuwa a lokacin yakan ɗauki shekara goma sha biyar. Ka lissafa da kanka: daga 1982 ba wani banki da zai iya ba da irin wannan bashi ba tare da ya ƙetare ranar ba. Saboda haka a Maris ɗin 1979 Gwamna Murray MacLehose ya je Beijing ya gana da jagoran Sin Deng Xiaoping, ya kawo shawarar a goge ranar daga takardun haya. Deng bai yarda ba. Ya ce a gaya wa masu jari su kwantar da hankalinsu, gwamnan ya dawo da wannan saƙo mai daɗi, amma bai bayyana wa jama'a ɗaya rabin ba, cewa Sin na nan a kan bakanta na karɓar yankin.

A Satumbar 1982 Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta isa Beijing, watanni kaɗan bayan nasarar da ta samu a yaƙin tsibiran Falkland, tana riƙe da hujjar cewa yarjejeniyoyin nan uku halal ne a dokar ƙasa da ƙasa. Daga baya Birtaniya ta sauko ta ce to a bar wa Sin mallakar ƙasa, ita kuma ta ci gaba da gudanar da mulki. Deng ya ƙi duka biyun, ya kuma sa wa'adin shekara biyu, in ba a daidaita ba Sin za ta sanar da nata tsarin ita kaɗai.

A nan ne za ka ga yadda kasuwa ta shiga cikin diflomasiyya. Duk lokacin da aka tashi zama ba tare da labari mai daɗi ba, dalar Hong Kong sai ta faɗi. A ranar Asabar 24 ga Satumba, 1983, ta kai kusan 9.6 a kan dalar Amurka ɗaya, mutane suka ruga kantuna suna kwasar shinkafa da man girki, wasu 'yan kasuwa suka fara ƙin karɓar kuɗin ƙasar. A watan Oktoba gwamnati ta ɗaure kuɗin da dalar Amurka a kan 7.80, da sharaɗin cewa bankin da zai buga takardar kuɗi sai ya ajiye dalar Amurka daidai da ita a asusun gwamnati. A wannan tsakanin ne kuma Birtaniya ta janye maganar ci gaba da mulki. A ganina tsoron rugujewar kuɗin ya matsa wa Landan fiye da yadda ya matsa wa Beijing, domin a hannunta abin zai lalace, ita kuma duniya za ta zarga. Ko bayan haka ba kowa ya natsu ba: a Maris ɗin 1984 kamfanin Jardine Matheson, wanda ya girmi mulkin mallakar kansa, ya sanar da mayar da rajistarsa tsibirin Bermuda.

Abin da aka sa wa hannu

An sa hannu a Sanarwar Haɗin Gwiwa a ranar 19 ga Disamba, 1984, Thatcher da Firaministan Sin Zhao Ziyang, ta fara aiki a Mayun 1985, aka kuma yi mata rajista a Majalisar Ɗinkin Duniya. Jigonta shi ne tsarin "ƙasa ɗaya, tsari biyu": Hong Kong za ta zama yanki na musamman a cikin Sin, ta riƙe tsarin jari-hujja, da dokokinta, da kotunanta, da kuɗinta, da kwastan ɗinta har shekara hamsin, wato zuwa 2047, harkokin waje da tsaro kuma su koma hannun Beijing. Yawancin masu sharhi a nan suke tsayawa, amma wanda ke son fahimtar yadda aka yi mulki a shekarun da kake tambaya sai ya karanta rataye na biyu da na uku.

Rataye na uku ya warware matsalar filaye: an yarda a tsawaita haya har 2047, mai fili ya riƙa biyan kashi 3 cikin 100 na kimar hayar wurin duk shekara. Amma an gindaya wa gwamnatin Turawa sharuɗɗa biyu. Ba za ta sayar da sabon fili fiye da hekta 50 a shekara ba sai da amincewar hukumar filaye ta ɓangarorin biyu, sannan rabin ribar sayar da filin za a zuba shi a wani asusu na dabam da za a ajiye wa gwamnati mai zuwa. Sayar da fili kuwa yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin Hong Kong. Ka ga ke nan tun 1985 akwai hannun Sin a cikin aljihun gwamna. Dalilin sharaɗin a fili yake, Beijing na zargin Turawa za su sayar da komai su kwashe kuɗin kafin su tafi, kuma wannan zargi bai gushe ba har ranar ƙarshe.

Rataye na biyu ya kafa Kwamitin Tuntuɓa na Haɗin Gwiwa. An rubuta ƙarara cewa ba hukumar mulki ba ce, ba ta da hurumin sa baki a gudanar da Hong Kong. Amma da yake ita ce ke tantance abin da zai rayu bayan 1997, a hankali ta zama mashigar da kowane babban al'amari ke bi.

Aikin da ba a gani a talabijin

Kafin in koma koyarwa na yi aikin duba takardun shigo da kaya, kuma a nan na gane abin da ke riƙe da cinikin ƙasa da ƙasa. Kaya za su zo daga masana'anta a lardin Guangdong, amma rasidin na kamfanin Hong Kong ne, bankin da ya tsaya wa cinikin na Hong Kong ne, inshora a can aka yi, kuma a ƙasan kwangilar an rubuta cewa in rigima ta taso dokar Hong Kong za a bi. Jami'in kwastan zai ɗauki takardar shaidar asalin kaya ya duba hatimi da sunan ƙasa, a kan wannan layi ɗaya zai yanke kuɗin fito. Idan da safiyar 1 ga Yuli, 1997 aka wayi gari ba a san ko "Hong Kong" na nan a matsayin yankin kwastan mai zaman kansa ba, to duk waɗannan takardu sun zama abin gardama a kowace tashar ruwa ta duniya.

Wannan ne aikin da aka shafe shekaru ana yi a kwamitin. A da Hong Kong na cin moriyar yarjejeniyoyin duniya ne a ƙarƙashin inuwar Birtaniya, don haka sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sake musu mazauni. A Afrilun 1986 ta zama mamba mai zaman kanta a yarjejeniyar ciniki da kuɗin fito ta duniya, GATT, shekaru goma sha biyar kafin ita kanta Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Muhimmancin wannan ya fi bayyana a tufafi, domin a wancan zamani Amurka da Turai na ƙayyade wa kowace ƙasa adadin tufafin da za ta shigar musu, kuma kason Hong Kong dukiya ce da ake saye da sayarwa a tsakanin masana'antu. A 1991 ta shiga ƙungiyar tattalin arzikin Asiya da Fasifik, APEC, rana ɗaya da Sin da Taiwan. An buɗe mata rajistar jiragen ruwa tata ta kanta a 1990. An ware yarjejeniyoyin sufurin jiragen sama daga na Birtaniya, aka sake ƙulla su ƙasa bayan ƙasa, haka na miƙa masu laifi da na kare jari. Majalisar dokokin Amurka ma ta yi doka a 1992 da ta ba da damar a ci gaba da ɗaukar Hong Kong dabam da Sin a harkar ciniki muddin tana da isasshen 'yancin gudanar da kanta.

Ofisoshin jakadanci su ma sai da aka sake musu lissafi. Ƙasashe renon Ingila ba ƙananan ofisoshin jakadanci suke da su a can ba, ofisoshin kwamishina ne, sai aka canza musu matsayi. Ita kanta Birtaniya, da yake ƙasarta ce, ba ta da jakada a wurin, sai da ta gina sabon ofishi. Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne ƙasashen da ke hulɗa da Taiwan maimakon Beijing. Afirka ta Kudu na cikinsu, kuma makomar ofishinta da jiragenta a Hong Kong na cikin abubuwan da suka yi nauyi lokacin da Nelson Mandela ya sanar a ƙarshen 1996 cewa ƙasarsa za ta koma hulɗa da Beijing.

A cikin gida kuma aka riƙa cire alamun sarauta sannu a hankali. Daga 1993 sabbin sulalla suka fito da furen bauhiniya a gurbin kan Sarauniya, ba tare da an hana karɓar tsofaffin ba, sai mutum ya karɓi canji ya ga iri biyu a tafin hannunsa. A shekarar aka kafa hukumar kula da harkokin kuɗi, a 1994 Bankin Sin ya zama na uku da ke buga takardun kuɗin yankin. An naɗa Anson Chan babbar sakatariyar gwamnati a 1993, Donald Tsang sakataren kuɗi a 1995, kowannensu Basine na farko a muƙaminsa, kuma dukansu sun ci gaba da aiki bayan miƙa mulki. A 1995 aka daidaita a kan kotun Allah-ya-isa da za ta maye gurbin ɗaukaka ƙara zuwa Landan.

Amma kada ka ɗauka takardu kaɗai suka riƙe kasuwar. Babban dalili shi ne, a daidai lokacin da ake wannan ciniki na siyasa Sin na buɗe ƙofarta. An kafa yankin tattalin arziki na Shenzhen a 1980 a bakin iyaka, masu masana'antun Hong Kong suka kwashe injinansu suka tsallaka inda ƙwadago da fili ke da araha, har suka ɗauki miliyoyin ma'aikata a Guangdong, suka bar ofis da banki da tashar ruwa a gida. Hong Kong ta zama babbar hanyar shigar jari cikin Sin da fitar kayanta. Attajiran da a da suke neman lambar girma daga Sarauniya sai suka koma neman kujera a kwamitocin Beijing. Ɗaya daga cikinsu kai ɗan Kaduna ka san aikinsa ko da ba ka san sunansa ba: Cha Chi-ming, wanda ya kafa masaƙar UNTL a garinku a shekarun 1960, yana cikin mutum 23 na Hong Kong da suka zauna a kwamitin mutum 59 da ya rubuta Babbar Dokar yankin, wato kundin tsarin mulkinsa na bayan 1997, wadda majalisar Sin ta zartar a ranar 4 ga Afrilu, 1990.

Bayan 1989

Murƙushe masu zanga-zanga a Beijing a ranar 4 ga Yuni, 1989 ya canza komai. Kimanin mutum miliyan ɗaya sun fito tituna a Hong Kong a makonnin nan. Jama'a suka tsorata da gwamnatin da za ta gaje su, ita kuma gwamnatin ta fara kallon yankin a matsayin sansanin masu yi mata zagon ƙasa. Ƙaura ta ƙaru har ta kai wajen mutum dubu 60 a shekara, yawanci likitoci da injiniyoyi da akantoci, zuwa Kanada da Ostareliya da Amurka. Fasfon da Birtaniya ta tanadar wa yawancin jama'a bai ba su izinin zama a Ingila ba, abin da har yau nake ganin shi ne babban abin kunyar Landan a wannan tarihi. A 1990 ta ba magidanta dubu 50 da iyalansu cikakkiyar shaidar zama 'yan ƙasa, da nufin su samu natsuwar zama a inda suke, Beijing kuma ta yi tir da hakan.

Labarin filin jirgin sama shi ya fi komai amsa tambayarka ta farko. A Oktoban 1989 Gwamna David Wilson ya sanar da gina sabon filin jirgi a Chek Lap Kok, da gadoji da hanyoyi da layin dogo, aikin da ya kai wajen dalar Amurka biliyan 20, domin a nuna wa duniya cewa yankin na da gobe. Bai nemi izinin Beijing ba, a doka ma ba ya bukata. Sai dai bashin aikin bayan 1997 za a biya shi, kuma da bankuna suka ji Sin na ƙorafi sai suka noƙe. Ba a samu mafita ba sai da Firaminista John Major ya je Beijing da kansa a Satumbar 1991, a lokacin da shugabannin Yamma ke ƙaurace mata, ya sa hannu a takardar fahimtar juna. A ciki aka yi alkawarin bar wa gwamnati mai zuwa aƙalla dalar Hong Kong biliyan 25 a asusu, da tuntuɓar Sin a kan manyan kwangiloli. Duk da haka an ci gaba da jayayya a kan kuɗin har 1995, filin bai buɗe ba sai a Yulin 1998. Gwamna na da ikon sa hannu, amma mai ba da bashi ya san wanda zai tarar a ofis ranar biya.

Patten da maganar zaɓe

Fiye da shekara 140 Birtaniya ta mulki Hong Kong ba tare da zaɓaɓɓen ɗan majalisar dokoki ko ɗaya ba. Zaɓen farko, wanda ba na kai tsaye ba, a 1985 aka yi shi, na kai tsaye kuma a 1991, kujera 18 cikin 60, masu rajin dimokuraɗiyya irin su Martin Lee suka lashe yawancinsu. An fahimci juna a kan cewa majalisar da za a zaɓa a 1995 za ta zarce har 1999, abin da suka kira jirgin ƙasa mai zarcewa.

Gwamna na ƙarshe, Chris Patten, ɗan siyasa ne, tsohon shugaban jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ba ma'aikacin diflomasiyya ba. Ya iso a Yulin 1992, ya ƙi sa kakin gwamna mai hular gashin tsuntsu, ya riƙa yawo cikin unguwanni yana gaisawa da jama'a. A Oktoba ya gabatar da tsarinsa ba tare da ya daidaita da Beijing ba. Bai ƙara yawan kujerun zaɓen kai tsaye fiye da 20 da Babbar Doka ta tanada ba, amma ya rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, ya kuma faɗaɗa sabbin kujeru tara na ƙungiyoyin sana'a ta yadda kusan duk mai aikin yi zai samu ƙuri'a. Ya bi harafin dokar, Sin kuma ta ce ya saɓa wa abin da aka fahimta a wasiƙun da ministocin wajen ƙasashen biyu suka yi musaya a 1990. Lu Ping, jami'in da ke kula da harkokin Hong Kong a Beijing, ya kira shi mai zunubin da tarihi ba zai yafe wa ba. A ƙarshen Nuwamban 1992 Sin ta sanar cewa duk kwangilar da ba ta amince da ita ba ba za ta yi aiki bayan 1997 ba, kasuwar hannun jari ta faɗi, aikin tashar kwantenoni ta tara ya tsaya shekaru. An yi zama 17 a 1993 ba a cimma komai ba.

Patten ya zartar da tsarinsa, aka yi zaɓe a 1995, Beijing kuma ta kafa nata murhun: kwamitin share fage, sannan kwamitin mutum 400 da ya zaɓi mai kamfanin jiragen ruwa Tung Chee-hwa a Disambar 1996 a matsayin shugaban yankin na farko, ya kuma zaɓi majalisar riƙon ƙwarya. Da yake gwamnatin Turawa ba ta amince da ita ba, a Shenzhen take zama. Watanni shida na ƙarshe ke nan Hong Kong na da majalisa biyu da shugabanni biyu, ma'aikatan gwamnati na tsakiya suna yi wa ɗaya aiki suna sauraron ɗaya. Abin lura shi ne, a tsakiyar wannan zage-zage ƙwararrun ɓangarorin biyu sun zauna sun tsara kasafin kuɗin 1997 zuwa 1998 tare, domin shekarar kuɗi a Afrilu take farawa, wata uku na Turawa, wata tara na sabuwar gwamnati.

Masana sun rabu a kan Patten. Percy Cradock, wanda ya jagoranci ɓangaren Birtaniya a farkon tattaunawar, yana ganin ya jawo asara, domin da an lallaɓa da majalisar 1995 ta zarce. Magoya bayansa na cewa ya bar wa jama'a ɗanɗanon zaɓe da ba su manta ba. Ni a nawa nazarin Cradock ya fi shi gaskiya a lissafin ƙarfi, tunda a daren miƙa mulki aka rushe majalisar da aka zaɓa, aka rantsar da ta riƙo kafin gari ya waye. Amma laifin bai fara daga Patten ba. Wanda ya jira sai da ya rage masa shekara biyar kafin ya kawo gyaran da ya ƙi yi a shekara ɗari, da wuya maƙwabcinsa ya yarda cewa da zuciya ɗaya ya kawo shi. Wannan hukunci nawa ne, na mai kallon al'amarin ta fuskar yarjejeniyoyi da ciniki, kuma wanda ya rayu a can ya jefa ƙuri'a a 1995 yana da hurumin auna shi da wani ma'auni dabam.

An yi bikin a cibiyar taro ta Wan Chai, Yarima Charles da Firaminista Tony Blair a gefe ɗaya, shugaban Sin Jiang Zemin da Firaminista Li Peng a ɗaya gefen, sojojin Sin suka karɓi barikoki, mutum kusan miliyan shida da rabi suka koma ƙarƙashin sabuwar tuta bayan shekara 156. Jarrabawar farko ba daga siyasa ta zo ba. A ranar 2 ga Yuli Tailan ta saki kuɗinta, rikicin kuɗi na Asiya ya ɓarke, masu caca da kuɗaɗen ƙasashe suka auka wa dalar Hong Kong a 1997 da 1998, farashin gidaje ya faɗi ƙwarai, amma ɗaurin 7.80 na 1983 bai tsinke ba.

Idan za ka yi rubutu a kan wannan, ka kula da giɓi ɗaya a Sanarwar 1984. Ta fayyace alkawura dalla-dalla, amma ba ta tanadi kotu ko mai sasantawa da za a kai wa ƙara in wani ɓangare ya saɓa ba, kwamitin tuntuɓar kuma wa'adinsa ya ƙare a ranar 1 ga Janairu, 2000. A 2017 ma'aikatar harkokin wajen Sin ta ce sanarwar ta zama takardar tarihi da ba ta da sauran tasiri a aikace, Birtaniya kuma na cewa yarjejeniya ce mai rai har 2047. Bayan dokar tsaron ƙasa da Beijing ta kafa wa Hong Kong a 2020, Landan ta buɗe wa masu wancan fasfo hanyar zama a Ingila, Amurka kuma ta janye matsayin musamman da dokarta ta 1992 ta bayar, ta ce kayan Hong Kong da za a shigar mata a rubuta musu sunan Sin. Hong Kong ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da kujerar da ta samo tun 1986, alƙalan ƙungiyar suka ba ta gaskiya a Disambar 2022, Amurka ta ƙi amincewa da hukuncin.